Ƙafafun Hansai

Duk wanda ya san Hansai a lokacin da take Hansai, da tafiyarta ya san ta. Doguwar mace ce marar jiki, mai sauri kamar an aike ta ɗebo wuta. A wajen Ruma aka haife ta, aka kai ta aure wani ɗan ƙauye bayan Karare, gidan manoman gyaɗa. Mijin, Tayyib, bai yi tsawon rai ba. Ya bar mata 'ya'ya da gona da turmi, kuma da turmin ta riƙe gidan. Ta soya gyaɗa, ta daka, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli, ta ɗora a ka ta nufi kasuwar Batsari a ƙasa, ta dawo a ƙasa. Masu babur sun gaji da tsayawa suna cewa ta hau. Takan ce musu Allah ya ba ta nata baburan guda biyu, kuma ba sa shan mai.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen ma ƙafafun nan ne suka fid da ita. Ta goya jika ɗaya, ta ja ɗaya a hannu, ta keta ta cikin gero har gari, ƙaya ta cika mata tafin ƙafa ba ta ko tsaya cirewa ba. Tun daga ranar ta zauna a Batsari, gidan babban ɗanta, Malam Sammani, wanda ke koyarwa a wata Islamiyya.

To, a nan gizo ke saƙar. Sammani ɗan fari ne, Hansai kuwa irin matan zamanin da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Tun daga lokacin Hansai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba, ba ta haɗa ido da shi. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko ta ce wa ƙannensa "yayanku". In tana da magana da shi sai ta ba wani ya kai, ko da kuwa yana tsaye a bakin ƙofa. Matan ƙauye sun yi shekaru suna yabonta a kan haka, ita ma tana jin daɗin yabon, don me za a ɓoye.

Ciwon ya shigo mata ne ta hawan jini, wanda ta raina ta riƙa yi masa jiƙe-jiƙe. Sai fuska ta fara kumbura da safe, sawu ya kumbura da yamma, abinci ya ƙi zama a ciki. Da aka kai ta Katsina, likita ya ce ƙodojin biyu duk sun gaji, sai an riƙa yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. A kwantar da ita kusa da inji, jininta ya fita ta wata roba ya shiga injin a tace shi, ya dawo jikinta ta wata robar, rabin yini yana tafiya a haka. Autarta Zuwairatu, wadda ke aure a nan cikin Batsari, ita ke raka ta.

A farkon fara wankin, wata rana suna dawowa daga Katsina, Hansai ta ga tsakar gida da ɓawon rake. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta ɗauki tsintsiya. Tana sunkuyawa jiri ya kwashe ta, ta faɗi a gindin randa, goshi ya fashe. Sammani ne ya shigo ya tarar da jinin uwarsa a ƙasa. A nan ya rantse cewa muddin yana numfashi, Inna ba za ta ƙara ɗaga ko tsinke ba.

Kuma ya cika. Aka ɓoye tsintsiya. Aka sayo katifa mai taushi. Matarsa Mahfuza, yarinya mai haƙuri da tsoron ɓacin ran miji, ta zama mai gadi. Ita ke kawo buta, ita ke kawo abinci har bakin katifa, in Hansai za ta zagaya sai an riƙe ta hagu da dama. Daga baya Malam ya ga zagayawar ma wahala ce, aka kawo mata fo cikin ɗaki. Hansai, wadda ke zuwa kasuwar Batsari a ƙasa da man gyaɗa a ka, ita ce aka ajiye wa fo kamar jaririya!

Kada wani ya ce Sammani mugu ne. Da mugu ne ai da sauƙi, don mugu ana iya zaginsa a huce. Mutum ne da ke koya wa yara haƙƙin iyaye kullum safiya, kuma abin da yake koyarwa shi yake son yi. Ban da haka yana jin bakin mutane. Wa zai so a ce an ga uwar Malam tana shara alhali ana wanke mata ƙoda? Haka ya zage yana neman gira, bai lura ido ke tafiya ba.

Masu dubiya su suka ƙarasa aikin. Ni dai ban san wanda ya koya mana cewa marar lafiya gawa ce da ba a gama shiryawa ba. Mata su shigo ɗaki-ɗaki, da Hansai ta yunƙura za ta zauna ta amsa gaisuwa, sai hannaye su taru a kafaɗarta. "Kwanta, kwanta! Sannu, baiwar Allah, kada ki motsa." Su danne ta, su zauna su ba ta labarin duk wanda ciwon ƙoda ya kashe daga nan har Safana, su yi addu'a, su sa wa Malam albarka, su tashi da ƙafafunsu su tafi. Ita kuma a bar ta tana kallon azara.

Ta gwada tawaye. Wata safiya bayan Malam ya fita ta dafa bango ta fito tsakar gida, rana ta taɓa mata fuska. Mahfuza ta saki muciya ta rugo, ta durƙusa a gabanta da hawaye. "Inna, ki rufa mani asiri. In kika sake faɗuwa mi zan ce ma Malam?" Hansai ta dubi yarinyar, ta ga in ta matsa ita za ta ja wa faɗa. Ta juya ta koma katifa, zuciya na tafasa.

A ɗakin wankin akwai wata tsohuwa, Aishatu, mutuniyar Safana, gadonta na kusa da na Hansai. Ta riga Hansai fara wanki da daɗewa, ta kuma girme ta, amma da ƙafarta take shigowa, tana tafe tana tsokanar ma'aikata. Ita ce ta fara lura.

"Ke 'yar Batsari, da kika fara zuwa nan ke ke gaba, ɗiyarki na bin ki da gudu. Yanzu ga shi ana jan ki. Mi ya faru?"

"Gata ya faru," in ji Hansai.

Aishatu ta yi dariya har nas ta ce ta daina motsa hannu. "Ni ma ɗiyana sun kawo mani irin wannan gatan, na ce su kai kasuwa. Awakina ni ke ba su dusa. Kullum sai na zagaya gida na leƙa maƙwabta. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

Nas ɗin, wata mai suna Hussaina, ta zo ta yaye zanen Hansai zuwa gwiwa, ta matsa ƙwaurin. Fata ce kawai ke lilo a jikin ƙashi.

"Inna, wa ya ce ki daina tafiya?"

Zuwairatu ta sunkuyar da kai.

"Ki ji da kyau," in ji Hussaina. "Injin nan jini yake wankewa, ba ya ba ƙafa ƙarfi. Ciwon ƙoda da kansa yana cin naman jiki, kwanciya kuma ta cinye abin da ya rage. Ban ce ki yi daka ba, ban ce noma ba, kuma hannun nan da aka yi wa aiki don sa robar wanki kada ki ɗauki nauyi da shi. Tattaki kawai, a tsakar gida, da sanyin safiya ko da yamma, a ranakun da ba na wanki ba. Ranar wanki in kin koma ki huta, don a lokacin ne jiri ke kama mutum. In kin ji numfashi na ɗaukewa ko ƙirji na ciwo, ki zauna. Za ki ga kin fi cin abinci, kin fi samun barci, kasalar nan ta ragu, hawan jinin ma ya fi jin magani. Amma in kika ci gaba da kwanciya, wata rana za ki nemi ƙafafun nan ki rasa."

A mota Hansai ta ba da saƙo, ba ta ko rage murya don fasinjoji ba. "Ki ce ma yayanku ni ba ƙwai ba ce. Ki ce mashi shi fitar mani da fo ɗin nan daga ɗaki. Ki ce mashi kashe ni shikai, shina ganin lada shike samu. Haka nan za ki faɗa, kada ki rage ko ɗaya."

Zuwairatu ta ce to. Amma wace auta ce za ta tsaya gaban babban wa, malami, wanda ya yi mata aure, ta ce masa yana kashe uwarsa? Da ta same shi a zaure sai ta durƙusa ta ce, "Yaya, Inna na gaishe ka da ƙoƙari. Kuma nas ta ce wai in da hali ta riƙa ɗan motsawa."

"Motsawa?" in ji Sammani. "Ke ba ki san Inna ba? A ba ta tsintsiya yau, gobe a same ta gona da fartanya. Nas ba ta ga jininta a ƙasa ba, ni na gani."

Shi ke nan. Saƙon da ya fita da zafinsa ya isa a sanyaye kamar kunun jiya. Hansai ta sake aikawa ta bakin Mahfuza, wannan ma ya narke a hanya. Abin haushin shi ne kullum safiya mai maganar yana zuwa da kansa. Ya tsuguna a bakin ƙofarta, ya ce, "Inna, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Akwai abin da ake buƙata?" Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Maganar na nan a maƙogwaronta, ta kwana tana shirya ta. Sai ta juya fuska bango, kamar yadda ta yi tun yana cikin zanen goyo, ta ce, "Lafiya lau. Babu komi." Shi kuma ya tashi da farin ciki ya tafi makaranta.

Damina ta wuce, aka shiga kaka. Hansai ta koma sallah a zaune. Abinci sai ta tsakura ta ture. Jijiyoyin ƙafa suka riƙa ɗaure mata har ta cije zani. Ranar wanki kuwa ɗaukarta ake yi a sa a mota, a ɗauke ta a shigar. Aishatu 'yar Safana ta daina tsokanarta, sai dai ta dube ta ta girgiza kai, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo.

Wata la'asar, Malam yana makaranta, aka ji harbi daga bakin gari. Ba sai an yi wa mutumin Batsari bayanin wannan ƙara ba. Nan take unguwa ta hautsine, mata na kiran 'ya'ya, ana ta gudu zuwa tsakiyar gari, wani na ihu yana cewa ga su nan sun shigo. Mahfuza ta faɗo ɗakin da goyo a baya da yara biyu riƙe da zaninta.

"Inna, tashi! Tashi mu tafi!"

Hansai ta dafa ƙasa ta yunƙura. Ta umarci ƙafafun su tashi, suka yi kamar ba da su take ba. Ta sake yunƙurawa, gwiwa ta lanƙwashe, ta kife. Mahfuza ta kama ta ta hammata tana ja, goyo na tsala kuka, suka zube tare a bakin ƙofa.

"Sake ni! Kwashi ɗiyan nan ki tafi!"

"Wallahi ba ni barin ki, Inna."

"Na ce ki tafi, don ubanki!"

Hansai ba ta taɓa zagin yarinyar ba sai ranar. Amma Mahfuza ta zauna daɓas a ƙasa, ta rungume yaran, tana salati tana kuka. Unguwa ta yi tsit, kowa ya gudu, saura su. Hansai na kwance rabi a ɗaki rabi a waje, tana kallon jikokinta, tana sane sarai cewa in mutanen nan suka shigo, ita ce igiyar da ta ɗaure yaran nan a wurin. Ba tsoro ne ya cika ta ba. Fushi ne, irin wanda ba ta taɓa yi ba, da ɗanta, da masu dubiya, da bakinta da ya ƙi buɗewa.

Allah ya taƙaita. Ashe shanu aka kora a bayan gari, 'yan sa-kai suka bi su da harbi, ba wanda ya shigo. Kafin magariba mutane suka fara dawowa. Sammani ya faɗo gida ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, maƙwabta maza da mata suka biyo shi ana barka da arziki. Ya ga uwarsa a ƙasa, zani duk turɓaya.

"Laifina ne," in ji shi, yana duban jama'a. "Tun da daɗewa ya kamata in samo keken nan na marasa lafiya. Gobe in Allah ya yarda zan nemo shi, in wani abu ya taso sai a tura ta."

"Allah shi yi maka albarka, Malam," in ji wata. "Ɗa ke nan."

Tura ta kai bango.

"Sammani."

Mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu ya waiga hagu ya waiga dama yana neman mai kiran, don bai san sunansa a wannan muryar ba. Wata tsohuwa ta riƙe baki. Hansai ta dafa ƙasa ta ɗago, ta dube shi cikin ido.

"Kai nike kira. Sammani. Matso nan."

Ya matso, ya durƙusa.

"Ciwo ya ci ƙodata, wannan na Allah ne, na karɓa. Ƙafafuna fa, wa ya ci su? Da su na shigo gidanga. Kai ka kwantar da ni, ka sa matarka gadina, ka ajiye mani fo. An ce in yi tafiya, ka ce a'a. Yau da mutanen nan sun shigo, da ɗiyanka ukku da uwarsu sun tafi a kaina, don tsohuwa ta kasa tashi. Shi ne kuma za ka ƙaro mani keke? Ta cikin kara da ƙaya wa ke tura keke?"

"Inna, wallahi ban sani ba. Kullum in na tambaya sai ki ce..."

"Na ce babu komi. Ni na ce. Haushin kaina ya fi naka." Sannan ta ci gaba. "Ba ni son kekenka. Ka ba ni bango in dafa, kuma kowa shi janye hannunshi daga kafaɗata."

Sammani ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka a gaban maƙwabta. Hansai ba ta lallashe shi ba.

Kafin gari ya waye labari ya zagaye unguwa, kuma ba labarin shanun ba. Wasu suka ce ciwo ya taɓa mata kai, wasu suka ce zamani ne ya lalace har tsofaffi sun zubar da kunya. Ranar wanki ta gaba Sammani da kansa ya raka ta, ya shiga har ɗakin injin, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya kamar ɗalibi nas Hussaina ta yi masa karatu. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ƙarfi zai dawo, amma an daɗe, kada a sa ran duka.

Aka fara daga ƙasa. A kan gadon wanki Hussaina ta sa ta ɗaga ƙafa ta sauke, ta lanƙwasa ta miƙe, Aishatu na gefe tana cewa ko kaza ta fi wannan. A gida ta koyi tashi daga kujera ta zauna, ta sake tashi. Sannan tsayuwa a jikin bango, gwiwoyi na kaɗawa. Sannan taku, da sanda. Masu dubiya suka sha mamaki, don duk wadda ta ce "kwanta" sai Hansai ta ce mata ga katifa nan, bismillah. Ci ya dawo, har ta fara ƙorafin miya ba gishiri, alhali ta san likita ne ya hana. Ta fara barci. Fo ya bar ɗaki, da hannunta ta tura shi waje da sanda.

Ƙafar dama ta ji kira ta dawo. Ta hagu ta dawo rabi, jan ta take yi.

Wata safiya ta ce yau ƙofar gida za ta. Ta bi ta tsakar gida, ta shiga zaure, Sammani na biye da ita da kujera 'yar tsuguno a hannu, an hana shi matsowa. A bakin zauren akwai dokin ƙofa mai tudu, wanda aka yi don tare ruwa. Ta tsallakar da dama. Hagu ta ƙi ɗaguwa. Ta gwada, ta sake gwadawa, gumi ya jiƙa mata kallabi. Sammani ya ajiye kujera ya miƙo hannu.

"Riƙe hannunka."

Ta jingina sandar, ta sunkuya ta kama cinyar da hannunta mai lafiya, ta ɗaga ƙafar ta ajiye ta a waje. Ta miƙe tana haki. Ga titi, ga masu babur, ga mata ɗauke da damin gero suna wucewa da sauri. Ta daɗe tana kallon sawunsu, sannan ta dubi tata ƙafar.

"Wagga ba ta ƙara gudu," in ji ta. "Na sani, kai ma ka sani."

Ta miƙa hannu ta ɗauki sandarta.

"Don haka ka gaya ma matarka, kuma kai za ka gaya mata da bakinka, ba aike ba. In aka sake jin harbi, ta kwashi yara ta tafi, kada ta waiwayo. Ka ce mata Inna na tafe a baya. A hankali, amma da ƙafarta."